Wankin Ciki Huɗu Da Aka Yi Wa Yaya Hajara

Yau shekara tara cif da rasuwar yayata Hajara. Har yanzu in aka ambace ta a danginmu na Gagarawa, sai ka ji an ce, "Allah sarki, wadda ba ta haihu ba." Matar da ta shekara ashirin tana koyarwa a firamare, ta aurar da ƙanne uku, iya abin da suka riƙe ke nan. Tir!

Bari in tuna musu yadda aka yi, tunda mantuwa ta yi musu daɗi. Shekararta biyu da aure ta yi ɓari. Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanmu, wadda ta naɗa kanta likitar dangi, ta ce mahaifa ce ta yi datti, sai an wanke ciki zai zauna. Ta ja ta wurin wani mai kemis a Maigatari, mutumin da ba shi da komai na likita sai farar riga da zaƙin baki. Ya kankare ta. Da aka ji shiru, Gwaggo ta ce wankin bai fita ba, aka koma. Sau huɗu! Na huɗun ni na raka ta, ina riƙe da mayafinta tana ihu, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Sai da al'adarta ta koma ɗigo-ɗigo sannan muka je asibiti a Gumel, aka yi hoton ciki. Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri duk wata, a kanta ciki yake kamawa. In ta yi siriri kamun yakan yi wuya, in ma ya kama yana iya zubewa. Wankin ciki yana da ranarsa, amma a hannun wanda ya san aikin. Shimfiɗar Yaya kuwa an kankare ta sai tabo. Aka yi ta magani, ba ta dawo ba.

Muka kai wa Gwaggo labari, ko gezau. "Yo su likitoci me suka sani? Rabo ne babu." Yaya ta sunkuyar da kai, haka ta ci gaba da durƙusa mata har ta koma ga Allah.

Da Yaya za ta leƙo yau, me za ta gani? Masu kankarar suna nan, har sun ƙaru da ƙannensu na waya, masu tallar jarkar wanke mahaifa da murya kamar ta wa'azi. Ko kunya babu.

Watan jiya sai ga Gwaggo da sandarta har ɗakina. 'Yata Zainab wata goma kacal da aure.

"Ke Binta, yarinyar nan fa shiru. Akwai wani a Sule Tankarkar, hannunsa da sa'a."

Na ce, "Gwaggo, kin gama da guda. Wannan ba za ki samu ba."

Yanzu dangi na cewa na yi wa babba rashin kunya. Na yi ɗin. Yaya ta yi kunya iya kunya, na kuma ga inda ta kai ta. Gadon da ta bar min shi ne bakin da ita ta kasa buɗewa. Zainab da mijinta sun je asibiti tare, an ce su kwantar da hankali. Ko za ta haihu, Allah ne masani, amma ƙarfe ba zai shiga jikinta da sunan wanki ba muddin ina numfashi.

Allah ya jiƙan Yaya. Gwaggo har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma wallahi ban rame ba.