Harafin da Ya Ɓace a Sanarwar Rasuwa

Cikin duk shekarun da na yi ina sakataren ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta Kilomita Biyar, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da Alhaji Abdul Gaffar ya rasu. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka karɓi ofishin daga hannunmu, kuma zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Sai na fara da tsarin aikin, domin wanda bai san shi ba. Bayan shekarun tashin hankali mun ga yadda labarin ƙarya yake rufe kasuwa kafin a tantance shi. Wani zai ce an kashe wane, kafin ka waiwaya an ja ƙofofi. Saboda haka ƙungiya ta buɗe shafi a intanet, aka kafa doka cewa duk labarin rasuwar da bai fito a shafin ba, kada a ɗauke shi. Sakatare ne yake rubutawa, Liman ya duba, shugaba ya ba da izini, sannan a saki. Kowace sanarwa tana farawa da Inna lillahi cikin rubutun Larabci, a ƙarƙashinsa sunan mamacin shi ma da Larabci, a irin hannun da muka koya a allo. Bayani ya biyo baya da Hausa da Sango, yaren ƙasar nan, da Faransanci. Wannan kan sanarwar shi mutane suke dubawa su san tamu ce.

Mai kula mana da shafin ita ce Zainabu, 'yar wani mai kantin yadi a unguwar Kokoro, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kamaru. Sango ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai a hankali. Ita ta koya mini abin da zan bayyana yanzu. Kowane salon rubutu da kuke gani a shafi yana cikin wani fayil, kuma sai waya ta sauko da fayil ɗin kafin ta nuna rubutun. Namu na Larabci yana da nauyi ƙwarai, domin a cikinsa har da haruffan Farisa da na Urdu da kayan ado iri-iri da ba ruwanmu da su. Mutanenmu kuwa ƙananan wayoyi gare su, mega kaɗan na shiga intanet suke saye, rezo kuma, wato layin sadarwa, yau akwai gobe babu. Sai a buɗe shafin a yi ta jira. Zainabu ta sa wata manhaja ta bi duk shafukanmu, ta tattara haruffan da muka taɓa amfani da su, ta yi sabon fayil ƙarami da su kaɗai. Daga ranar shafin ya riƙa buɗewa nan take, kowa ya yaba mata.

Ranar da nake magana a kanta Talata ce, cikin damina. Da hantsi shugabanmu, Alhaji Mamman, ya kira ni daga asibiti. Ya ce Alhaji Abdul Gaffar, wani baƙon ɗan kasuwa daga Maradi mai sayar da takalma a sari, ya yanke jiki ya faɗi a kan hanyar Yakite yana tafe a ƙafa. Masu moto, wato masu baburan haya, suka ɗauke shi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya duba ya ce hawan jini ne, kuma babu rauni a jikinsa sai ƙujewar faɗuwa a goshi.

"Sakatare, ka rubuta yanzu," in ji shi. "Wasu sun ga jini a goshinsa, sun fara cewa dukansa aka yi. Na ba da izini tun daga nan. Liman kawai ya rage."

Ofishinmu yana saman wani kantin sari, tagarsa tana kallon babban titi. Ina rubutu ina jin ƙarar ƙofofin ƙarfe ana jan su ɗaya bayan ɗaya. Na aika aka ɗauko Liman, Malam Isuhu, a kan moto. Dattijo ne mai tsanani, ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Zainabu ta ɗora sanarwar a ɓoyayyen shafin gwaji, na buɗe ta a tsohuwar wayar da muke ajiyewa musamman domin gwaji, na miƙa masa. Dokata ce wannan: abin da bai buɗe a waya mafi lalacewa ba, bai buɗe ba.

Malam ya gyara tabarau, ya karanta layin farko, ya sauko na biyu, ya tsaya.

"Wannan akwatin fa?"

Na karɓa na duba. A tsakiyar sunan, inda ya kamata harafin angai, na farkon Gaffar, ya zauna, akwai wani ɗan akwati fanko, kuma kalmar ta tsinke gida biyu. Zainabu ta leƙo ta kafaɗata, ta dafe kai. Ta gaya mini da Sango cewa tun da aka buɗe shafin ba a taɓa rubuta suna mai wannan harafin ba, shi ya sa manhajar ba ta sa shi a ƙaramin fayil ba. Na fassara wa Malam.

"Gaffar sunan wa ye?" ya tambaye ni.

"Sunan Allah ne, Allah gafarta Malam."

"To ba za a sake shi da rami a tsakiya ba."

Na ce a mayar da babban fayil na da. Zainabu ta mayar. Muka zuba wa wayar ido, fari fat, ba abin da ya fito. Kowa a unguwa yana kan waya a lokacin, rezo ya toshe. Na ce to a cire Larabcin, a saki bayanin kawai. Malam ya girgiza kai, ni ma da na sake tunani na janye maganata. Sanarwar da ba ta da kanta, a rana irin wannan, cewa za a yi wani ne ya ƙaga ta domin a rufe maganar kisa.

"Baba Sakatare, abu ne mai sauƙi," in ji Zainabu. "In ƙara harafi ɗaya ɗin, in sake yankawa. Yanzu-yanzu."

Kalmar yankawa ce ta ja hankalin Malam zuwa ga aikin da aka yi tun farko, wanda ba a taɓa yi masa bayaninsa ba. Ya ajiye wayar a kan tebur.

"Dakata, 'yata. Kina nufin an ɗauki haruffan da ake rubuta Alƙur'ani da su, an zaɓi wasu, an fitar da wasu?"

"E, Malam."

"Waɗanda aka fitar, ina kuka zuba su?"

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san abin da yake nufi. Takardar da take da rubutun Larabci ba a jefa ta a shara. Ko a ƙona ta, ko a binne, ko a soke ta a saƙon bango. Malam da gaske yake tambaya. Ya ce in har an zubar da haruffa a wani kwandon shara na cikin na'ura, to ba zai sa hannu a wannan sanarwar ba, ba kuma zai ƙara sa hannu a wata ba, sai an gyara.

Wayata ta yi ƙara. Alhaji Mamman ne, ya baro asibiti yana mahaɗar hanyar Yakite. A bayansa ina jin hayaniya da ƙarar babura.

"Sakatare, me kuke jira? Samari sun taru, suna cewa za su tsallaka unguwar da ke ƙetare su nemo wanda ya buge shi. Na gaya musu ciwo ne, sun ce in nuna musu a shafi. Ni da bakina na hana su yarda da maganar baki!"

"Ranka ya daɗe, Malam bai sa hannu ba tukuna."

"Ba ni shi!"

Malam ya ƙi karɓar wayar. Ya ce in gaya wa Alhaji ya riƙe su, shi ba ya duba abu biyu a lokaci ɗaya. Na faɗa masa, na kashe.

A nan zan faɗi gaskiya: hannuna yana kan kwamfutar, kuma na san inda ake dannawa a saki. Amma da na saki ba tare da Liman ba, tsarin da muka gina ya mutu daga ranar, gobe kowane sakatare zai saki abin da ya ga dama. Na janye hannuna na sa a aljihu.

Zainabu ta jawo kujerarta kusa da Malam. Tana haɗa Hausa da Sango, ina cike mata inda ta maƙale.

"Malam, ba a zubar da komai ba. Babban yana nan yadda yake. Kwafa na yi daga cikinsa. Kamar... Baba Sakatare, yaya ake cewa? In za a rubuta aya ɗaya a allo."

"Ba a yage ta daga Mus'hafi," na ce. "Dubawa ake yi a kwafa."

"Baki ya faɗa," in ji Malam. "Ido bai gani ba. Nuna mini babban."

Ta buɗe shi a kwamfuta, haruffa suka jeru cike da fuskar na'urar. Malam ya ɗora yatsa a kan alif ya fara bi, yana kiran kowanne da sunan da aka koya mana a makarantar allo. Ba ya sauri. A ƙasa wani ya wuce a guje yana ihu da Sango a rufe, a rufe. Mai kantin da ke ƙarƙashinmu ya ja tasa ƙofar har bene ya girgiza. Zainabu ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. Na yi mata alama ta yi shiru. Malam ya iso kan angai, ya ɗan tsaya, ya wuce, har ya kai ƙarshe.

"Suna nan lafiya," ya ce. "To, yi kwafinki."

"Singila, na gode, Malam! Harafi ɗaya kawai zan ƙara."

"A'a. Daga alif har ya, duka. Da yadda kowanne yake zama a farko da tsakiya da ƙarshe. Da wasulla. Da na ajami da muke rubuta sunayenmu na Hausa. Na Farisa da kayan adon ki bar su a babban."

"Malam, zai ƙara nauyi, rezo kuma..."

"Duka."

Ta dube ni tana neman in goya mata baya. Na ce ta yi yadda ya faɗa, gardama ta fi nauyin cin lokaci. Ta zaɓi abin da ya lissafa, ta haɗa da ƙa'idojin da suke sa haruffa su manne da juna, ta fitar da sabon fayil, ta ɗora. Na sake buɗe wayar gwaji.

Akwatin yana nan inda yake.

Malam ya cire tabarau ya fara ninke su. Zainabu ta kalli wayar, sai ta buga tebur da tafin hannu. Ta ce wayar ta riƙe tsohon fayil a cikinta, ba ta san an sauya ba, kuma haka wayoyin duk mutanen unguwa za su yi. Ta canja wa fayil ɗin suna domin kowace waya ta sauko da shi sabo. Na sake dannawa. Fari ya daɗe, har na fara karanta abin da ya zo bakina. Sannan layin farko ya fito, na biyu ya biyo shi, sunan a haɗe daga farko har ƙarshe.

Malam ya mayar da tabarau, ya karanta Larabcin, ya karanta Hausar, ya sa na karanta masa Sangon.

"Saki."

Na saki, na kira Alhaji Mamman. Daga baya ya gaya mini cewa bai ɗaga tasa wayar ba, cewa ya yi kowa ya buɗe a tasa. Ba duka suka yarda ba. Wasu sun yi ta gunaguni har suka bi shi asibiti suka ga gawar da idonsu. Amma taron ya watse, ba wanda ya tsallaka. Bayan azahar ƙofofi suka fara buɗewa, aka yi jana'iza bayan la'asar, 'yan'uwansa na Maradi kuma suka ga sanarwar kafin a kira su.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na yi wa Malam tambayar da ta tsaya mini a rai. Na ce harafi ɗaya ya ishe mu a ranar, me ya sa ya dage sai duka, alhali yana jin abin da ake yi a titi?

Ya dube ni kamar na tambayi abin da bai kamata babba ya tambaya ba.

"Sakatare, ka san sunan wanda zai mutu gobe?"

Ya ci gaba da tafiyarsa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake bar muku. Rage nauyin fayil aiki ne mai kyau, ku ci gaba da yinsa, domin mutanenmu ba su da mega na ɓarna. Amma manhaja abin da aka riga aka rubuta kaɗai take gani. Inda rubutu ba ya canjawa, kamar sunan ƙungiya a saman shafi, ku rage har iyaka. Inda kuwa sunan mutum zai shiga, ku bar haruffa cikakku, ku gwada a waya mafi lalacewa, kuma ku yi wa dattawa bayanin abin da kuka taɓa tun ana zaune lafiya, kafin ranar da jama'a za su taru a titi. A ofishin nan ba mu san sunan da za a kawo mana da safe ba.