Maɓallin ƙararrawar gidanmu

Ranar da katafila ta shigo layinmu a Zango, mu kaɗai muka rage: ni, da Yaya, wato babbar 'yar gidanmu, da Baba. An daɗe da shafa jan fenti, alamar rusau, a bangon zaurenmu, an yanke wuta, maƙwabta sun kwashe, wasu Dapoya wurin dangi, wasu sabbin fegin da aka yanka mana can bayan Wagadugu. Kayanmu ma sun tafi a amalanke tun jiya. Sai turmin Yaya da ya yi nauyi aka bari a jikin bango, sai kuma motar Baba.

Tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda muke ce wa bashe. Da ita ya yi safarar goro, da ita ya ɗauko duwatsun harsashin gidan nan daga Pisi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta cinye masa hannun dama da ƙafa, ni nake tuƙa shi da ita masallacin Juma'a. Ni kuwa tela ne. Abin da na sani na mota shi ne abin da na tsinta ina miƙa masa sifana a da.

Muka ɗauke shi muka zaunar a kujerar gefen direba. Na cire giya, na murɗa makulli. Fitilun gaba suka kawo, amma inji ko tari bai yi ba. Na sake. Shiru. Daidai lokacin na ji katangar gidan Liman ta zube a bakin layi, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata.

Turawa ba ta yiwuwa. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta zama taɓo, layi kuma cike da ɓaraguzan bulo. Yaya ta ce, "Baba, ku fito, ga mai amalanke can, ya kai ku bakin titi."

Baba ya dube ta da idonsa mai lafiya. Maganarsa ta karkace tun ciwon, amma ranar kowace kalma ta fita. "Ni buhun gawayi ne? Da ita na shigo gidan nan. Ko mu fita tare, ko su rufe mu tare." Ya cusa hannun hagu cikin mariƙin ƙofa ya damƙe.

Wallahi raina ya ɓaci. Tsoho da taurin kai kamar ƙashin awazu! Amma ka ɗaga mahaifinka da ƙarfi yana turjewa, a gaban baƙi? Ba a Zango ba. Wani jandarma ya leƙo ta ƙofa, ya ce da Faransanci in sun gama da gida biyun da ke gabanmu, mu ne. Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi.

Baba ya ce, "Cikin makullin ne ya cinye. Wuta tana zuwa, amma ba ta kaiwa demarer." Demarer shi ne ɗan injin da ke fara juya babban. Na ce to in haɗa bakinsa da sukundireba yadda na sha gani ana yi. Ya ce in kuskura in tayar da tartsatsi kusa da tiyon nan mai ɗigar fetur, to mun hutar da katafila. Kuma motar tana mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur, sau nawa zan fita in buɗe murfin inji a cikin ɓaraguzai? Abin da ake so shi ne waya daga batir zuwa maɓalli a cikin mota, wata daga maɓalli zuwa demarer.

"Maɓalli kuma? A ina, Baba, a kangon nan?"

Yaya ce ta nuna ƙofar zaure da haɓa. Ƙararrawa! Ƙanenmu ne ya kafa ta shekarar da ya dawo daga Abijan yana jin kansa. Baba ya tsane ta tun ranar farko. Cewa yake Musulmi sallama yake yi, ba ya tsaya yana tsokanar bango ba. Duk tsawon zamanta babu baƙon kirki da ya taɓa danna ta, sai yaran layi su danna su ruga. Na sa almakashina na ɗinki na ɓanɓaro ta, na fizgo wayar fitilar zaure mai kauri daga bango.

Na yanke wayar gida biyu, na fere bakinsu da haƙori. Na ɗaura biyu a bayan maɓallin, na zura su ta ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, na ajiye maɓallin a kan kujera kusa da Baba. Na kutsa hannu can ƙasan inji ina laluben ɗan bakin ƙarfen da ya kwatanta mini. Warin fetur ya cika mini hanci. Gida na farko ya faɗi ina cikin laluben. Na ji kwanon rufi yana kuka, ɓeraye suka keto ta magudanar ruwa suka bi ta kan ƙafata. Yaya tana tsaye tana ta "Hasbunallahu".

Akwai wata ɗabi'a ta direbobin zamanin su Baba. Birkin hannu ba ya daɗewa a hanyoyinsu, don haka mota in ta tsaya, a giya ake barinta. Hannu ne ke yi, kai bai ma sani ba. Ashe ina can ƙarƙashin murfin inji, Baba ya ga mota a tsaye giya a sake, hannunsa na hagu ya saki ƙofa ya mayar da ita ta ɗaya. Ni ban gani ba, shi bai tuna ba.

Na zagayo gaba, na tsaya tsakanin mota da bango, na ɗaure waya ta ƙarshe a kan batir. Na ce, "Baba, ku ɗan danna mu ji."

Innalillahi! Motar ta zaburo kamar rago ya tsinke igiya. Ƙarfen gaba ya daki gwiwata, na koma da baya na manne da bango, tana ci gaba da tahowa, don tsoro ya sandarar da yatsan Baba a kan maɓalli. Na ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Sai na ji ƙas! Turmin Yaya ne ya shiga tsakani, ya tsage gida biyu amma ya riƙe. Yaya ta faɗa ta taga ta fizge hannunsa. Abin da ya rage tsakanin cikina da ƙarfe bai kai tafin hannu ba.

Na zame na zauna a taɓo. Da na lallaɓa na zo gefen Baba, na dubi fuskarsa. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

Ya ce, "Ku fitar da ni. Kira mai amalanken. Ku bar ta."

Yanzu kuma? Bayan ta kusa niƙa ni? Na ce, "Baba, ai kuwa ba ku isa ba. Ku zauna." Ban taɓa gaya masa haka ba.

Na rufe murfin inji, Yaya ta haye baya, na shiga da ɗingishi, na taka kuloci har ƙasa, na danna. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Na ja da baya, na juya kanta. A bakin ƙofa ta mutu, ga bakin katafila ya riga ya ɗagu a kan bangon maƙwabcinmu, ina ganin laka tana ɗiga daga haƙoransa. Na danna, maɓallin ya yi zafi har yana warin roba. Ta kama. Muka bi ta kan bulo da karyayyun ƙyamare muna tangaɗi har bakin kwalta.

Yaya ce ta ga faɗuwar zaurenmu, na ji salatinta daga baya. Baba bai waiwaya ba, ko madubi bai kalla ba. Hannunsa na hagu yana kan gwiwata, wadda ta bugu, yana dafe da ita a hankali kamar mai gudun kada ta fashe. Ina canza giya ina gogar hannun, bai ɗauke ba har muka fita gari.