Yadda Goɗiyar Surukina Ta Raba Ni da Tsaki

Shekarun baya can, lokacin da aka kwaso mu ma'aikata daga Kano aka jibge mu a Dutse saboda an yi sabuwar jiha, na taɓa yin wani biko da har gobe in na tuna sai na kama dariya ni kaɗai. Ku matso ku ji, yau kaina zan tona wa asiri.

Ɗaki ɗaya muka samu a Yalwawa, ni da maiɗakina, aurenmu ko shekara biyu bai yi ba. Ga zafi, ga wahalar ruwa, ga aikin ofis ya sha mini kai, sai na zama mutum mai saurin hawa. Wata Laraba abokina ya biyo ni gida, ta kawo mana tuwo, na kai loma na ji gishiri ya ɗan zarce. Ni dai a sanina ban ce komai ba. Washegari na taso daga aiki na tarar da makulli a hannun maƙwabciya. Ta yi yaji, ta tafi ƙauyensu can wajen Garki.

Abokina ya ce, "Ai tsakin da ka ja mata a gabana, ko ni sai da na ji kunya."

Na ce, "Ni? Tsaki? Yaushe?" Wallahi ban ji na yi ba.

Ranar Asabar na ci farar shaddata, muka sayi goro muka tafi biko. Surukina dattijo ne, asalinsu makiyaya, shanun sun ragu amma bai rabu da doki ba. Muka tuɓe takalma muka durƙusa, abokina ya zuba bayani kamar a gaban alƙali. Dattijo ya gama saurare, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ga goɗiya can a turke. Zarga mata ragama a ka, ka kai ta rijiya ta sha ruwa. In kun dawo sai mu yi maganar iyalinka."

Na ce a raina, shi ke nan? Ni da ko jaki ban taɓa ja ba, na naɗe hannun riga na tunkare ta. Na kai ragama, ta kau da kai. Na sake kaiwa, ta kwantar da kunnuwa, ta juyo mini da baya ta saki ƙafa. Allah ya sa iska ta harba, amma garin gocewa na zauna daɓas a cikin kashinta, da farar shaddar nan tawa! Har dariyar mata na jiyo daga cikin gida.

Dattijo ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ba komai. Allah ya kai mu Asabar mai zuwa."

Asabar ta biyu ni kaɗai na je, haka na dawo hannu biyu. A ta uku ne ya jawo turmi ya zauna yana kallonmu. Can ya ce, "Malam, kana lura da kunnenta kuwa? Duk sanda ka ja tsaki sai ta kwantar da shi."

"Baba, ai ban yi tsaki ba."

"Na bakwai ke nan tun isowarka."

Ina shirin musawa igiyar ta suɓuce mini, sai ji na yi "mtsww" ya fito daga bakina, ni da kaina, kunnuwan nan kuma suka kwanta a take. Innalillahi! Ashe haka nake yini ina yi, ni kaɗai ne ba na ji.

Ya ce, "Wanda na karɓo ta a hannunsa, tsaki yake fara ja kafin ya zabga mata bulala. Ita a wajenta tsaki sallamar duka ce. Ajiye ragamar nan. Share mata wuri, ka zuba mata harawa, ka tsaya a gefenta kawai."

Tsayuwar nan, jama'a, ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi. Ba magana, ba umarni, sai ƙarar taunarta. Amma a hankali sai na ji numfashina ya bi nata, wani ƙunci da na saba ji a ƙirji ya fara sakina. Asabar ta gaba ta bari na sosa mata wuya. Ban san sanda na fara ba ta labarin ofis ba, da tsoron da nake yi kada aurena ya mutu, abin da ko abokina ban taɓa gaya wa ba. A Dutse kuwa sai na koma farautar bakina. In na ji tsakin ya taho, in haɗiye in yi salati. Har wani abokin aikinmu ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

A Asabar ta shida na ɗauko ragama. Ban kai mata ba, riƙewa kawai na yi. Ta sansana ni, ta yi huci, sannan ta sunkuyo ta zura kanta da kanta. Kai! Kamar in yi ihu! Na ja ta zuwa rijiya ina gaishe da wanda na sani da wanda ban sani ba, baki har kunne. Muna dawowa na manta da kunyar surukuta na ɗaga murya, "Baba, mun sha ruwa!"

Ya ce, "Madalla. To ni da ma ban riƙe iyalinka ba. Tana ciki, je ka tambaye ta."

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na ce, "Baba ya ce ki shirya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Goɗiya ce ta yarda da kai. Ni ba goɗiya ba ce."

Na ji abin ya taso har ya iso bakin haƙorana. Na haɗiye, na tsaya shiru irin tsayuwar da na koya a turke, har zuciyata ta kwanta. Sannan na durƙusa na ce, "Na wulaƙanta ki a gaban baƙo, kuma ba ranar na fara ba. Ki yafe mini." Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta wannan kalma ba.

Ta ajiye faifan, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Da wannan ka zo da shi ranar farko, ai da ba ka sha wahalar mota ba." Ta shiga ɗaki ta fito da kayanta. Ashe tun sati uku a ɗaure suke.

Abin da na gane shi ne, mutumin da ke ƙaunarka yakan yi maka kawaici, ya yi ta haɗiyewa har ya cika. Dabba ba ta iya kawaici ba, a take take nuna maka abin da ka yi mata, kuma ni irin wannan malamin nake buƙata. Bayan nan na ci gaba da zuwa ƙauyen ko ba dalili, don in share wa goɗiyar wuri in tsaya. Yau muna da jikoki. Ranar da aka aiko mana cewa goɗiyar ta mutu, ni ne na zauna ina hawaye, maiɗakina ce ta yi ta ba ni haƙuri.