Kwandon Inna da Jikar Jar Akuya

Duk layin ba wanda bai san Inna Kwando ba. Kwandon ne ya ja mata sunan, wani tsohon kwandon kaba da hannunsa ya tsinke ta ɗaure da igiya, ya sake tsinkewa ta sake ɗaurewa, har igiyar ta fi kabar yawa. A cikinsa akwai kwano mai murfi na zuba nama, da kwalbar mai, da 'yan jakunkunan da ta ɗinka da tsofaffin zannuwanta, ta gishiri daban, ta shinkafa daban. Tana shiga kasuwa kwanuka na ƙarau-ƙarau, sai ka ji 'yan kasuwa na cewa, "Ga ta nan, ku ɓoye leda!"

Kuma ba wasa suke ba. Ka kuskura ka miƙa mata kaya a leda, za ta juye su a kwando, ta ninke ledar tsaf, ta danƙa maka a tafin hannu.

"Riƙe abarka, ɗan nan. Ba ta kwana a gidana."

Babban abokin faɗanta shi ne mai shagon bakin layi, wani mai tumbi, sarkin tsokana, wanda ko ashana ka saya sai ya jefa maka a leda.

"Inna, allura ce fa kika saya. In ninka miki leda biyu, kar ta ɓace?"

"Ninka wa kanka, ka kifa a wannan sanƙon naka."

Ya yi ta dariya har tumbin na rawa. Ita kuwa ta wuce tana mita, amma gobe ma wurinsa za ta dawo.

Masu cewa tsufa ne ya taɓa ta, ba su san komai ba. Maigidanta kafinta ne. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka sayo mata wata jar akuya, ya ce, "Ga wadda za ki riƙa yi wa faɗa in ba na nan." Bayan rasuwarsa kuwa haka aka yi, da akuyar take hira, ita take wa faɗa. Sai akuya ta soma ramewa, cikinta ya ƙi sauka, ya yi tauri kamar dutse. Da abin ya gagara aka kira mahauci. Yana farka tumbin ya zaro wani dunƙulen leda, baƙi ƙirin, ya kai girman kan mutum. Allah sarki! Inna ta tsaya tana kallo, ta san a tsakar gidanta aka ci rabinsa. Ranar ta yi kuka kamar a ranar aka ɗauki gawar mijinta.

Jar akuya ta bar 'ya ɗaya, Kyalla, mai farin goshi. Ita ce abin da ya rage mata mai numfashi daga hannun kafinta, kuma Inna ta rantse leda ba za ta ci wannan ba.

Daga nan rayuwarta ta sake. Ɗakinta gado ne, tabarma, randar ƙasa da tukwane biyu, shi ke nan. 'Yarta ta aiko mata da robobi masu launi saiti guda, ta raba wa maƙwabta kafin rana ta faɗi. Kullum da safe sai ta ɗauki sanda mai ƙusa a baki, ta bi layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan tana tsinto leda, ta kai wa motar shara. Yawon ma ya yi mata rana: gwiwoyin da suka dame ta suka saki, nas ɗin da ke auna mata jini ta ce ko me take yi, ta ci gaba.

To amma akuya akuya ce. Kyalla ga kwaɗayi ga wayo, in ta sami ƙofa a buɗe sai bayan shago, inda iska ke tara ledojin da suka sha mai da gishiri. Inna ta sha janyo ta da kunne tana zazzaga wa mai shago masifa, shi kuma yana cewa, "Haba Inna, ni na gayyace ta?"

Kyalla na da tsohon ciki ta fara barin abinci. Inna ta ɗauka nauyin ciki ne, har ranar da ta shafa gefenta ta ji taurin nan da hannunta bai manta ba. Likitan dabbobi ya zo ya latsa, ya girgiza kai, ya ce ta yi rauni, ba za ta jure wuƙa ba, sai dai a lallaɓa ta ko za ta sauka lafiya. Inna ta tare a garke, tana ba ta ruwan dusa a hannu, tana roƙonta kamar mutum. Kyalla ta daure ta haifi 'yar mace, ja zur, sak kakarta. Ta lashe ta, ta ba ta nonon farko, washegari ta mutu.

Baƙin ciki ya cika Inna, amma ba ta da lokacin kuka. Ta gwada ba jaririyar madara a cokali, ta ƙware. Ta jiƙa tsumma, ta ƙi tsotsa. Likita ya ce ba dabara sai fida, kwalbar robar nan da ake shayar da jarirai. Roba, a gidan Inna Kwando! Ta zauna a kan turmi da 'yar akuyar a cinya, kukanta sai ƙara shaƙewa yake. Ta san abin da za ta yi, kunyar tsayawa gaban mai shago ce ta danne ta.

Tana cikin ɗaura mayafi aka yi sallama. Mai shago ne, likita ya biya ta wurinsa ya ba shi labari. Yau ba dariya a fuskarsa. Ya taho tun daga bakin layi, kowa na kallonsa, da fida a hannu ɗaya, gwangwanin madara a ɗayan, tsirararsu.

"Inna, ga shi. Ban sa a leda ba."

Ta dube shi, ta dubi hannayen. Ta karɓa, ta dama madarar da ruwan ɗumi, ta ɗiga a bayan hannunta, sannan ta kai bakin jaririyar. 'Yar akuyar ta kau da kai sau ɗaya, sai ta cafke, jelarta ta hau kaɗawa.

Mai shago ya juya zai fita, idonsa ya faɗa kan sandar nan mai ƙusa a jikin bango.

"Ara mini wannan, Inna. Bayan shagona ya cika."

"Ɗauka," ta ce, tana share ido da gefen mayafi, ba ta ko ɗago ba. "Ka riƙe ta da kyau, maigidana ne ya sassaƙa ta."