Layi Huɗu na Malamin Kosovo

A bene na tara na ginin da muke haya a Alexandria ta Amurka akwai wani tsoho mai farar hular ulu, zagayayya kamar rabin ƙwai. Mutumin Kosovo ne. A lif muka fara haɗuwa, ya dubi hulata, na dubi tasa, muka yi dariya. Daga nan muka zama abokan tafiya masallacin Juma'a. Ina kiransa Malam, domin koyar da lissafi ne aikinsa tun yana saurayi. Turancinsa kaɗan ne, don haka 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ke yi mana tafinta in magana ta yi tsawo.

A bakinsa na ji abin da ban cika gani a labaran da nake fassarawa a gidan rediyo ba. A 1989 hukumomin Sabiya suka soke 'yancin cin gashin kai da yankin ke da shi. Ba a jima ba aka sallami malamai masu koyarwa da harshen Albaniya, yaren yawancin mutanen Kosovo, aka rufe musu ƙofofin makarantu da yawa. Sai mutane suka buɗe gidajensu. Wani ya ba da falo, wani gareji. Malam ya yi shekaru yana koyarwa a falon wani kafinta, ɗalibai a zaune kan katako, allon kuwa ƙyauren ƙofa ne da aka shafa wa baƙin fenti. Ana haka yaƙi ya zo, aka koro su a 1999, ya tsinci kansa a Amurka.

Abu ɗaya ke cin ransa: kada a manta da waɗannan shekaru.

"Ku 'yan rediyo, in kun tashi maganarmu, bom da gawa kawai kuka sani," in ji shi wata rana. "Maƙwabci, ranar da za ka gaya wa mutanenka mun zama ƙasa, ka gaya musu ba mu bar karatu ba."

Na ce na ɗauki alkawari. Ba ɗabi'ata ba ce yin alkawari kan abin da zai fita a rediyo, domin ba ni kaɗai ke da iko da shi ba. Amma na riga na furta.

Ranar Lahadi, sha bakwai ga Fabrairun 2008, ina bakin aiki a ofishinmu da ke unguwar Southwest. Majalisar Kosovo ta ayyana 'yancin kai saura kamar minti ashirin mu fara shirin ƙarfe goma na safe, wato huɗu na yamma a Najeriya da Nijar. Na riga na rubuta taƙaitaccen tarihin yankin na minti uku. Editar ranar wata Hajiya ce 'yar Damagaram, wadda ba a raba ta da jan biro. Ta karanta a tsaye.

"Malam, minti biyu kake da shi. Rahoton Yamai ya yi tsawo."

Kafin in yi magana ta ja biro a kan layi huɗu na makarantun cikin gidaje.

"Hajiya, ki taɓa ko'ina ban da nan."

"To ina zan taɓa? Yaƙin? So kake mutanen Gusau su ce da alli aka ƙwaci Kosovo?"

"Alli ma ya yi nasa, Hajiya. Kuma na yi wa wani dattijo alkawari."

"Da lokacina ka yi alkawarin?" Ta miƙo min takardar. "Minti biyu cif, ko daƙiƙa ɗaya ba ƙari. Yadda za ka yi, ruwanka."

Na san yawan layin da bakina ke ci a minti ɗaya, kuma ba na ƙara sauri. Mai sauraro a gajeren zango, da rediyo a kunne yana fama da ƙara, in ka yi gudu ka bar shi a baya. Saboda haka yanka ne kawai mafita. Na zubar da gabatarwar da na daɗe ina gogewa. Na cire jerin ƙasashen da ake sa ran za su amince da sabuwar ƙasar. Yaƙin, da hare-haren jiragen ƙasashen Yamma, da shekarun riƙon ƙwarya, na dunƙule su cikin jimla uku. Layin da ke cewa Sabiya ba ta yarda da wannan mataki ba kuwa ban taɓa shi ba, domin haƙƙin mai sauraro ne ya ji. Layi huɗun nan suka koma mazauninsu.

Da jar fitila ta kama, na karanta a natse. Na gama saura daƙiƙa biyu. Ta bayan gilashi Hajiya ta ɗaga min jan bironta.

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta zo daga wani malamin firamare a wani ƙauye kusa da Gusau. Iska ta yaye rufin ajinsa tun daminar bara, yana koyarwa a zauren wani maƙwabci, kuma ya ce kunyar abin yake ji har ranar da ya saurari shirin. Tambayarsa ɗaya ce: yaya waɗancan malamai suke yin jarrabawa?

Na hau bene na tara da wasiƙar. Na mayar da ita Turanci, 'yar ta mayar wa mahaifinta. Ya sa aka maimaita masa tambayar. Sannan ya ce a ba shi takarda. Shafi uku ya rubuta. A unguwarsu, in ji shi, malamai musayar gidaje suke yi ranar jarrabawa, don kada kowa ya duba takardun ɗalibansa.

"Ka gaya masa," ya ce yana nuna ni da biro, "kada ya sassauta maki don ajin zaure ne."

Na karɓi amsar don in fassara in aika. Wasiƙar Gusau kuwa ya hana ni. Ya ninke ta gida huɗu, ya ɗaga farar hularsa ya sa a ciki, kamar yadda tsofaffinmu ke yi da takardar da ba sa so ta ɓata.