Iya Mai Makullai ta Tsohon Gidan Bakin Kogi

Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa ta ƙofar baya, wadda masu kawo cefane suke bi. Takan rataye mayafinta a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin wanki, ta saka rigar aiki, ta ɗauki damin makullai ta hau bene. Ba ta taɓa tsintsiya sai ta bi doguwar barandar da ke kallon kogi ta buɗe tagogin katako ɗaya bayan ɗaya, goma sha tara ne, domin ginin da ya kwana a bakin ruwa iska yake fara nema. Daga nan ta sauko ta raba wa matan da ke ƙarƙashinta ɗakuna. Shekara talatin da shida ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Otal ɗin tsohon gidan sarauta ne da aka mayar masaukin baƙi. Kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufinsa kuwa sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga fanka. Baƙi sukan zo su ɗauki hoton ginshiƙan zaure da babban madubin matakala, su kwana biyu, su tafi suna yaba tsabtar wurin. Kaɗan ne suke tambayar wa ya hana fumfuna cin labule, wa ya san ranar da za a fitar da katifu a shanya. Ma'aikata suna kiranta Iya Mai Makullai. Ita ce shugabar masu gyaran ɗaki.

Aikin duba makarantu ya sa na sauka a can sau biyar cikin shekara takwas. Haɗuwarmu ta farko a kan taga ce. Damina ta kumbura katakon, ina ta kokawa da ita ta ƙi rufuwa, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ɗana, ba da ƙarfi ake bi da ita ba. Ɗaga ta kaɗan sannan ka ja. Ta girmi kakanka."

Na ɗaga, na ja, ta rufu. Kafin in yi godiya ta wuce ɗaki na gaba.

Ba zan ce mace ce mai sauƙi ba. Matan da ke aiki da ita sun ce takan yaye shimfiɗar gado gaba ɗaya saboda kusurwa ɗaya da ta karkace, kuma bakinta ba ya tauna magana. Amma su ɗin dai suka gaya min cewa duk wadda ta samu ciki, tun kafin ta faɗa, sai ta ga an daina ba ta ɗakunan bene. Kukun otal ɗin, wanda ya yi shekara ashirin tare da ita, ya ce Iya takan ji warin gara a bango kafin kafinta ya ga alama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, manajan otal ɗin ne ya ba ni labarinsa da bakinsa, kuku da mai gadi suka tabbatar.

A daminar shekara huɗu da suka wuce ne. An kwana uku ana ruwa can sama inda kogin ya taso, amma a garin rana ce ƙwal. Rediyo ya ce ruwan zai iso jibi, kuma ba zai yi yawa ba. A lokacin otal ɗin cike yake da taron tsofaffin ma'aikatan jinya da suka yi ritaya. Goma sha huɗu daga cikinsu an sauke su a ɗakunan ƙasa saboda ba sa iya hawa bene, biyu ma a keken marasa lafiya suke. Ginin ba shi da lifta, wato na'urar hawa bene. Ɗakunan da suka rage a sama su ne na ɓangaren gabas, waɗanda aka gama yi wa fenti aka kulle, da umarnin kada a buɗe sai masu kamfanin da ya mallaki otal ɗin sun zo sun gani.

Wajen ƙarfe tara na safe Iya ta ga magudanar ɗakin wanki tana dawo da ruwa, ja, mai laka. Sau ɗaya ta taɓa ganin haka, a shekararta ta tara da fara aiki. Ta goge hannu ta tafi ofishin manaja. Watansa biyar a wurin, kuma ɗanta na fari ya girme shi.

"Ranka ya daɗe, a kwashe baƙin ƙasa a kai su sama."

Ya ce, "Iya, an ce sai jibi ruwan zai iso, kuma ba zai wuce lambu ba."

"Waɗanda suka faɗa ba su ga magudanar ɗakin wanki ba. Kogin nan ba ta lambu yake shigowa gidan nan ba, ta ƙarƙashi yake bi."

"Ɗakunan gabas an hana buɗe su. In kika buɗe, ba ni da yadda zan kare ki."

Ta ce, "To, kai rubuta abin da za ka rubuta. Ni zan je in buɗe."

Ya gaya min bai ɗauka za ta yi ba, sai da ya ji ƙarar makullai a kan matakala. Ya zauna ya buga takardar dakatar da ita daga aiki, ya sa hannu, ya ninke ya zura a aljihu, da niyyar miƙa mata in an tashi.

Ita kuwa ta tara matanta bakwai da kuku da mai gadi. Aka buɗe tagogin gabas don warin fenti ya fita, aka shimfiɗa gadaje, aka fara kwasar jakunkuna da kwalaben magani, kowanne da lambar ɗakinsa a rubuce don kada a haɗa na wannan da na wancan. Masu keke biyu aka ɗora su a kujerun zaure, mutum huɗu suka hau da kowace. Wata tsohuwa ta ƙi tashi daga bakin gado.

"Ni gwiwata ba ta hawa bene. Ga rana ƙwal, wane irin ruwa?"

Iya ta tsuguna tana saka mata takalmi. Ta ce, "Yaya, ke da kika yi shekara talatin kina ɗura wa mutane magani suna ƙi, yau ke ma sai kin sha naki."

Tsohuwar ta yi dariya ta miƙa hannu.

Ƙarfe ɗaya an gama. Ba abin da ya faru. Ƙarfe biyu ma haka, har wasu baƙin suka fara gunaguni. Iya ta ci gaba da naɗe dardumomin ƙasa ana hawa da su. Uku da rabi ruwa ya ɓullo ta magudanan banɗakuna a lokaci guda. Kafin ƙarfe biyar ya kai ƙugu a layin ɗakunan ƙasa, wuta ta ɗauke, katifu suna yawo suna bugun ƙofofi. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Bayan wata ɗaya kamfanin ya aiko da takardar yabo, da sunan manaja, saboda hangen nesansa. Ya rubuta musu cewa ba shi ba ne, ya faɗi ko wace ce. Har yau ba a ba shi amsa ba. Takardar dakatarwar kuwa, wadda ta jiƙe a aljihunsa ranar ruwan, da ta bushe, ya kai mata ya nuna mata, ya ba ta haƙuri. Ta karanta har ƙarshe, ta mayar masa ta ce ya yi kuskure wajen rubuta sunanta.

Iya, ke ce uwar ɗakuna arba'in da biyu. Ke ce kika san ginin nan fiye da waɗanda suka mallake shi. Ranar da aka ba ki zaɓi tsakanin aikinki da ran mutanen da ba ki ma san sunayensu ba, ba ki tsaya neman shawara ba. Sabulu da ruwan bilic sun cinye fatar hannunki, matakala ta cinye gwiwarki, da su kika raini 'ya'ya biyar, kuma ban ji wanda ya ce ya taɓa jin kin ba da labarin ranar ruwan nan ba.

Makon jiya manaja ya gano cewa a duk shekarun nan ba ta taɓa kwana a otal ɗin ba, ko sau ɗaya. Ya ba ta babban ɗakin da ke kallon kogi, ita da ƙaramar 'yarta, ya ce a yi mata hidima kamar kowane baƙo. Ta yarda bayan ja-in-ja. Da safe mai gyara ta shiga ta tarar da gado a shimfiɗe, banɗaki a wanke, tawul a ninke. A kan tebur akwai 'yar takarda zuwa ga manaja: famfon wanka yana ɗiga, kuma labulen hagu ya fi na dama tsawo.

Mun gode, Iya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowa akwai ɗakin da aka damƙa masa. Ya san shi kamar yadda ta san nata, kuma ranar da ya ga abin da na sama ba su gani ba, ya tashi ya faɗa.