Dangwalin Malama Sadiƙa

A jikin igiyar da aka ɗaure a bangon laburaren, daga taga zuwa ƙofa, akwai zarge ɗaya da ya fi sauran duhu. Na bakwai ne in aka ƙirga daga taga. Sauran duk launin kaba ne da ta bushe, shi kuwa ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi kamar ƙotar fartanyar da ta daɗe a hannu. Malamai na shiga su fita, baƙi na zuwa su ɗauki hoton igiyar suna murmushi, ba wanda ya taɓa lura. Dalilin ba mai tsawo ba ne. Kullum da safe in Malama Sadiƙa ta buɗe ɗakin, sai ta taɓa zargen nan da yatsa biyu kafin ta ɗauki tsintsiya. Ita kanta ba lallai ta san tana yi ba.

Ɗakin da ake kira laburare tsohon sito ne na alli da karyayyun benci, a wata firamare da ke cikin garin Isa. Shekara huɗu ke nan da wata ƙungiya ta kawo littattafan yara ɗari da arba'in da kabad ɗaya na ƙarfe. Aka rasa wanda zai tsare su, aka ba Sadiƙa, don ita ce ba ta iya musu.

A ruga aka haife ta, can wajen Kurawa ta ƙasar Sabon Birni. Mahaifinta, Malam Isah, makiyayi ne mai ɗan noman gero, kuma shi kaɗai ne a danginsu ya kai ɗiya mace boko, wai don a samu mai karanta masa rubutun da ke jikin kwalbar maganin shanu. Ta yi karatun malanta, ta auri Lawwali tela, ta dawo Isa. Sai da suka shekara tara kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace guda, suka sa mata Khairat.

Da littattafan suka zo, sai Sadiƙa ta ga 'yan aji ɗaya da biyu da uku su ne suka fi maƙale wa taga suna leƙe. To amma yaron da bai iya rubuta sunansa ba, ta yaya zai sa hannu ya ari littafi? Ta kwana biyu tana juya abin, sai ta tuna dangwalin mahaifinta, wato doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa da yamma. Kowane maraƙi ya san gurbinsa. In an ga zarge a wofi, an san wanda bai dawo ba, ba sai an ƙirga ba.

Ta tuƙa igiyar kaba ta ɗaura a bango daidai tsawon yara. Kowane yaro ya zo da ɗan ƙyalle daga tsohon zanen uwarsa, a ƙulla a zargensa, shi ne sunansa. Kowane littafi kuma yana da kati da ta yanka daga kwalin sabulu, ta zana hoton da ke bangon littafin: mai kada, mai jirgi, mai akuya a mota. Ranar Alhamis bayan tara, yaro ya zaɓi littafi ɗaya, ya rataya katinsa a zargensa, ya tafi da shi gida. Ranar Litinin ya dawo da shi ya cire katin da hannunsa. Doka uku ce kawai: a wanke hannu, kada a ci tuwo a kansa, kada a bar wa akuya.

Hedimasta Malam Usmanu, ranar da ya fara ganin igiyar, sai da ya riƙe ƙugu.

"Bafillatana! Laburare munka ba ki ko ruga? Saura ki zo muna da ƙwaryar tatsa."

"In ka kawo saniyar, Malam, za ni zo da ƙwarya."

Shekara biyu ba littafin da ya kwana har Talata a waje. Suna dawowa da warin hayaƙi, wani da tabon miyar kuka, wani da zanen gawayi a shafin ƙarshe, amma suna dawowa. Waɗanda suka yage sai ta jiƙa ƙaro a gwangwani ta liƙe.

Daga nan hanyoyi suka fara lalacewa da 'yan bindiga. Yaran da ke zuwa daga ƙauyukan kusa suka fara ɗaukewa. Sai a wayi gari Litinin a ga kati na lilo a zarge, a tambaya, a ce ai mutanen garin sun tashi ranar Asabar, wasu sun yi Sakkwato, wasu sun ƙetara Nijar. Sadiƙa ba ta cire katin. Mahaifinta ba ya kwance zargen maraƙin da ya ɓata sai ya ga fatarsa da idonsa, ita ma haka ta tashi ta gani.

Wata Juma'a bayan an tashi makaranta, Lawwali ya ɗauki Khairat a babur za su gaida tsohuwarsa a wani ƙauye bayan Turba. Shekararta bakwai, tana aji biyu. Ta sa littafin mai akuya a mota cikin jakarta, wai za ta nuna wa kakarta. Washegari aka tsinci babur ɗin kwance a gefen hanya. Aka jira a bugo waya a nemi kuɗin fansa kamar yadda akan yi, ba a bugo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Wata goma sha huɗu ke nan, katin mai akuya na rataye a zargen Khairat, na bakwai daga taga.

Mutane sun zo jaje, ba su san ko su yi ta'aziyya ba. Sadiƙa ta yi sati biyu a gida ta koma aiki. Ba ta kuka, ba ta dariya. In an gaishe ta ta amsa daidai, in an ba ta abinci ta ci, in an tambaye ta me ta ci jiya sai ta kasa tunawa. Keken ɗinkin Lawwali na nan a zaure da rabin rigar wani a ƙarƙashin allura. Mai rigar bai zo karɓa ba, ita ma ba ta aika masa ba. Alhamis ta ba da littafi, Litinin ta karɓa.

Wata ranar Litinin Malam Usmanu ya shigo da takarda daga ƙungiyar da ta ba da littattafan. Bai yi ba'a ba a ranar. Ya karanta mata a tsaye. Littafi ashirin da uku ba su dawo ba, kuma kusan duka a hannun ƙananan yara suke. Don haka daga yanzu 'yan aji ɗaya zuwa uku su karanta a cikin ɗakin kawai, kada su tafi da ko ɗaya gida. Waɗanda ba su dawo ba a rubuta sun ɓata.

"Ba laihinki ba ne, kowa ya sani," in ji shi. "Amma su ma da gaskiyarsu. In anka ci gaba haka, kabad za shi zama wofi. Ki sauke igiyar, Malama."

Ta ce, "To."

Talata igiyar na nan. Laraba tana nan. Ba gardama take yi ba. In ta ɗaga hannu za ta kwance bakin igiyar daga ƙusa, sai ta ga kanta tana share ƙasa ko tana jera littafi, har a tashi.

Alhamis, saura kaɗan a buga ƙararrawar tara, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu. Ya ce shi zai faɗa wa yaran da bakinsa, don kada su ga baƙinta. Ta ce to. Ta zauna a kan benci ta ɗora hannuwa a cinya.

A lokacin ne wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, ramammiya, da yarinya 'yar shekara shida maƙale da gefen zanenta. Yarinyar ta rungume wani abu a ƙirji, naɗe cikin leda baƙa.

"Nan ne wurin malama mai igiya?"

"Nan ne, baiwar Allah. Shigo."

Matar ta cire takalmi ta shiga. Ba ta faɗi sunanta ba tukuna. Ta bi igiyar da ido daga taga, a hankali, har ta kai wajen tsakiya, ta miƙa hannu ta kama wani ƙyalle shuɗi mai ɗigon rawaya. Sadiƙa ta dubi ƙyallen, ta dubi zanen da ke jikin matar. Zane ɗaya ne. Na jikinta ya koɗe har ɗigon ya kusa ɓacewa, na igiyar kuwa yana nan da launinsa, don rana ba ta kai wurin.

"Innar Basira ce," in ji Sadiƙa. Basira 'yar aji biyu ce, mai wushirya, wadda ta ari littafin mai kada wata tara da suka wuce.

"Ni ce. Habi." Ta durƙusa. "Ranar da munka gudu, tabarma ɗaya da tukunya na ɗauka. Sai da munka ƙetara Nijar na ga abin ga cikin rigarta. Na ce ke, mutane na ɗaukar hatsi ke kina ɗaukar takarda? Ta ce na Malama ne, Litinin za ta maida. Kowace Litinin sai ta hwaɗa. Har ta ishe ni."

"Ina take?"

"Ƙyanda. Da damina."

Malam Usmanu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin, Malam. Da anka zo binne ta, liman ya ce in da mai haƙƙi a kanta. Na ce yarinya ce, wane haƙƙi? Sai daga baya na tuna. Tun ranar ban samu sukuni ba. Shekaranjiya munka dawo, muna wajen ƙanen ubansu nan cikin gari. Na ce bari in sauke mata kayan mutane." Ta juya ga ƙaramar. "Larai, miƙa."

Larai ba ta miƙa ba. Ta ƙara matse ledar.

"Kin gani? Haka muke tun daga gida. Yayarta ta karanta mata shi har ta haddace. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma in ta buɗe sai ta yi ta zuba kamar rediyo. Ke, sakar masu abinsu, kada ki ba ni kunya!"

Ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ta zare littafin ta ba Sadiƙa da hannu biyu. Larai ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da hannuwanta a ƙirji yadda suke, babu komai a ciki.

Sadiƙa ta juya littafin. Bangon ya yi laushi kamar tsumma, ruwa ya taɓa gefe ɗaya, amma shafi bai ɓace ba. Ta tashi ta cire katin mai kada daga zargen Basira. Ta kwance ƙyallen shuɗi ta ba Habi. Sannan ta sa farce ta kwance zargen kansa. Shi ne na farko da ta taɓa kwancewa. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Igiyar ta ɗan saki, ta yi ciki a tsakiya.

Aka buga ƙararrawa. Kafin a ce me, yara sun cika bakin ƙofa suna ture-ture, kowa na ɗaga tafin hannu a ga ya wanke.

Sadiƙa ta ja sakin igiyar zuwa wajen ƙofa, ta ƙulla sabon zarge da shi.

"Innar Basira, ba ni ƙyalle."

Habi ta dubi wanda ke hannunta, ta cusa shi a lalitarta. Ta kama gefen zanen jikinta ta yaga siriri ta miƙa. Sadiƙa ta ƙulla. Ta ba Larai katin, ta nuna mata inda za ta rataya, sannan ta mayar mata da littafin.

"Litinin," in ji ta. "Ki wanke hannu. Kada ki ci tuwo a kai. Kada ki bar wa akuya."

"Ba mu da akuya," in ji Larai.

"To na maƙwabta."

Malam Usmanu ya yi gyaran murya. "Malama, wagga yarinya ko rajista ba ta ciki."

"Ka sa ta, Malam."

"Takardar hwa?"

Ta dube shi. Fuskarta yadda take kullum. "Ka rubuta masu ashirin da biyu ne yanzu. Sauran ban ga fatarsu ba."

Ya dubi Habi, ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko suna jiran ya matsa. Ya ninke takardar gida huɗu ya tura a aljihun gaba.

"Za ni rubuta masu. In sunka zo, ni za ni amsa masu." Ya kauce daga ƙofa. "Ku shiga ɗaya-ɗaya, maruƙan Malama. Wanda ya ture wani, ba shi ba littahi."

Ya tafi da Habi ofis don a rubuta sunan Larai. Yara suka zaɓa, suka rataya, suka fita. Wani ɗan aji ɗaya ya tambayi mai akuya a mota, ta ce masa an ara, ya ɗauki mai jirgi.

Da aka tashi, ɗakin ya yi tsit. Katuna na lilo kaɗan-kaɗan a jikin igiyar. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji akasinsa ba. Ta ga dai bangon littafin mai kada zai buƙaci liƙi in ya dawo Litinin, gwangwanin kuma ya bushe. Ta ɗebo ƙaro uku daga kusurwar kabad ta jefa a ciki, ta zuba ruwa daga buta, ta rufe da kwali, ta ja ƙofa.